Jariri da Madarar Shanu: Yaushe Tumbuɗi da Ƙuraje Ke Zama Abin Dubawa?

Mu a Savelugu ba baƙin nono ba ne. Matan Fulani na kawo shi kasuwa, a dama fura, a soya wagashi, ga kuma madarar gwangwani da ba ta yankewa a teburin mai shayi. Haka abin yake a zangon Salaga da Yendi da Bawku. Shi ya sa idan uwa ta ga kamar nononta bai ƙosar da jariri ba, abin da ake fara miƙo mata shi ne madara. Sai dai akwai jariran da jikinsu ke ɗaukar furotin ɗin madarar shanu a matsayin abokin gaba, ya tashi yaƙi da shi. Wannan shi ne alajin madara.

Iri biyu ne. Na farko mai gaggawa ne: cikin mintoci zuwa awa 2 da shan madarar, leɓe ko fuska su kumbura, borin jini ya feso, numfashi ya sarƙe. Wannan ba ya jiran shawarar kowa. A ɗauki yaron zuwa asibitin Savelugu ko mafi kusa nan take. Na biyu shi ne mai rikitarwa, domin yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya nuna kansa, alamunsa kuwa irin waɗanda kowace uwa ta saba gani ne.

Saboda wannan nau'i na biyu ne wasu likitocin yara a Turai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Yvan Vandenplas na Beljiyam, suka fitar da ma'aunin CoMiSS a 2015. Ana tambayar uwa awa nawa jaririn ke kuka a yini, sau nawa yake tumbuɗi, yaya kashinsa yake, me ke fatarsa, yaya numfashinsa. Kowace amsa da makinta, jimilla daga 0 zuwa 33. Da farko maki 12 ne ke sa a yi zargin madara. A 2022 aka sauko da shi zuwa 10. Masu ma'aunin da kansu sun ce na faɗakarwa ne, ba ya yanke hukuncin cuta.

A nan ne muke so a natsu. A ƙasarmu zawon jariri ya fi zuwa daga ruwa marar tsabta ko bulumbotin da ba a tafasa ba, ƙurajen watan Maris da Afrilu kuma sau da yawa na zafi ne. Lafiyayyen jariri ma yana tumbuɗi yana kuka. Wani babban bincike a ƙasashe 9 na Turai, wanda aka buga a 2015, ya bi yara fiye da 12,000, waɗanda aka tabbatar suna da alajin kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Idan kowane kuka ya zama alaji, za a raba yara da abincinsu a banza, a kuma ɗora wa maigida sayen madara ta musamman mai tsadar gaske.

Hanyar tabbatarwa a hannun likita take: a janye madarar shanu na mako 2 zuwa 4, idan alamu sun lafa a mayar da ita a gani ko za su dawo. Wannan mayarwa ita mutane ke tsallakewa, alhali ita ce shaidar. Idan jaririn nonon uwa kaɗai yake sha, ba a yaye shi. Uwar ce za ta dakata da nono da wagashi da madarar shayi na waɗannan makonni. Nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ne, furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya.

Abin da za a yi a gida shi ne lura. Uwa ta riƙe abin da jaririn ya sha da lokacin da alamar ta fito, in akwai jini a kashi ta faɗa, ta je awo da littafin yaron domin ma'aikaciyar jinya ta duba ko nauyinsa na hawa. Idan da buƙata, za a tura su Asibitin Koyarwa na Tamale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, kuma yawancin yaran da ke da wannan alaji suna rabuwa da shi kafin su isa shiga makaranta.