Dokar Ɗumama Gidaje A Jamus Da Tasirinta Ga Kasuwa

A Jamus, inda sanyin hunturu ke tilasta wa kowane gida mallakar tukunyar ɗumama ɗakuna, yawancin tukwanen nan da iskar gas ko mai suke aiki. Jihar Baden-Württemberg da ke kudu maso yammacin ƙasar ita ce ta fara kafa dokar rage dogaro da su, wadda ta soma aiki a shekarar 2008.

Dokar ba ta umarci kowa ya cire tukunyar da ke aiki ba. Abin da ta tanada shi ne, daga watan Janairun 2010, duk mai tsohon gida da ya tashi sauya tukunya, wajibi ne kashi 10 cikin 100 na ɗumin gidan ya fito daga makamashin da ba ya ƙarewa, kamar hasken rana, ƙwayoyin dusar katako, ko na'urar lantarki mai janyo ɗumi daga iska ko ƙarƙashin ƙasa. A watan Yulin 2015 aka ɗaga adadin zuwa kashi 15. Hikimar ita ce, lokacin da mutum zai kashe kuɗi ko ta yaya, shi ne lokacin da sauyi ya fi sauƙi. Sai dai masu suka sun yi ƙorafin cewa tsadar ta sa wasu suka ci gaba da lallaɓa tsofaffin tukwanensu.

Bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022, gas ɗin Rasha, wanda a 2021 ya haura rabin wanda Jamus ke shigowa da shi, ya yanke. A 2023 majalisar tarayya ta amince da ƙa'idar kashi 65 cikin 100 ga sababbin tukwane, tare da tallafin da ke iya kai kashi 70 na kuɗin sauyin.

Kasuwa ta bi sawun siyasa. An sayar da na'urorin janyo ɗumi kimanin 356,000 a 2023, amma a 2024, yayin da jama'a ke cikin ruɗani game da dokar, adadin ya faɗo zuwa kimanin 193,000. A 2025 kuma sabuwar gwamnatin haɗaka ta yi alkawarin soke ta.

Lamarin ya shafi Nijeriya, wadda ke sayar wa ƙasashen Turai gas ɗin da aka mayar ruwa, domin kowane gida da ya rabu da tukunyar gas ragi ne ga buƙatar hajar a can.