Shin Ko Kun San? Dokin Teku, Kifin da Launinsa Ke Ruɗar Masu Kiwonsa

Shin ko kun san akwai kifi mai kan doki, yana iyo a tsaye, yana naɗe ciyawa da jelarsa ya riƙe? Shi ne dokin teku. Mai karatu a Tchaké ko Mayahi ko Tasawa ba zai gan shi a tabki ba, don Nijar ba ta da teku, shi kuma ba ya rayuwa a ruwan daɗi inda tarwaɗa da karfasa suke. Masu kiwonsa a gidaje, a Turai da Amurka da Asiya, sai sun haɗa masa ruwa a akwatin gilashi, kusan giram 35 na gishirin teku a kowace lita.

Shin ko kun san namiji ne ke ɗaukar ciki? Mace takan zuba ƙwai a wata jaka da ke gaban jelarsa, bayan 'yan makonni ya haifi 'ya'ya, a manyan jinsuna har fiye da 1,000. Ba shi da haƙora, ba shi da tumbi, shi ya sa kullum yana cikin zuƙar ƙananan jatan lande.

To, ga inda maganar take da daɗi. Jinsunansa sun haura 40, kuma launi ba ya nuna wane ne wane. Kamar hawainiya yake: kowane ido na juyawa inda ya ga dama, jiki kuma na sauya launi gwargwadon inda ya laɓe. Mutum ya sayi ruwan ɗorawa, bayan mako guda ya iske baƙi a akwatinsa. Don haka masana ba sa bin launi. Ƙirar jiki suke dubawa: tsawon baki, ƙayoyin kumatu da na saman ido, siffar kambin da ke tsakiyar ka, sai zobban ƙashi da suka kewaye jiki a maimakon ɓawo. Galibin jinsuna zobba 11 gare su a gangar jiki.

Ga waɗanda aka fi kiwo. Hippocampus erectus, na gaɓar Amurka ta gabas, yana da faɗin ƙirji da siraran fararen layuka a wuya. Reidi siriri ne, dogon baki, jiki da ɗigo-ɗigo. Kuda, na tekun Indiya da Fasifik, sumul yake, ba ƙaya mai tsini. Barbouri kuwa duk ƙaya ne, bakinsa da zane-zane. Comes ana gane shi da ƙaya biyu a kowane kumatu da jela mai ratsi-ratsi.

Kada a ɗauka wannan ƙididdiga ta ado ce. A ganina nan ne ran dabbar yake. Abdominalis, na Ostareliya da Niyu Zilan, mai zobba 12 zuwa 13, yakan kai santimita 35, kuma ruwan sanyi yake so. A saka shi a ruwan ɗumi tare da kuda, an kashe shi. Zosterae na Filorida yawanci bai fi santimita biyu da rabi ba, zobbansa 9 zuwa 10, abinci mai rai yake bukata kowace rana. Jariran erectus suna iya kama abu da jela tun ranar haihuwa, na reidi kuwa sai sun yi kwanaki suna yawo a saman ruwa, renonsu ya fi wuya ƙwarai.

Shin ko kun san an gano wani jinsi ba da niyya ba? A 1969 wani mai suna Georges Bargibant ya tsinko murjani a Sabuwar Kaledoniya, sai da ya ajiye shi a tebur ya lura da wasu ƙananan dawakin teku biyu maƙale a jiki, launinsu da ƙurajensu irin na murjanin sak. Sunansa aka sa musu: bargibanti.

Mu ma a Afirka ta Yamma muna da namu. Hippocampus algiricus yana zaune a gaɓar teku tun daga Sanagal har Angola, wato har da ruwan Kwatano da Legas, inda kayan kasuwanninmu suka saba sauka. Ɗan'uwan reidi ne na kusa, rarrabe su da ido sai gwani. Abin da ke damuna shi ne, ba akwatin gilashi ne ya fi cinye shi ba. Yana faɗawa komar masunta, a shanya shi ya bushe, a tura Asiya don haɗa maganin gargajiyar Sin. A 2002 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa duk jinsunan dokin teku cikin waɗanda sai da izini ake fitarwa daga ƙasa, dokar ta fara aiki a 2004. A 2016 aka nemi a dakatar da cinikin algiricus daga Gini da Sanagal. Busasshen dokin teku launinsa ya riga ya dushe, don haka jami'in kwastan da ya buɗe buhu, shi ma sai ya duba kambi ya ƙirga zobba kafin ya san abin da ke hannunsa.