Yadda ake cusa sabbin gyare-gyaren Windows cikin filash ɗin girkawa, da inda aikin ke ɓaci

A ƙarshen watan Disambar 2024, kamfanin Microsoft ya fitar da gargaɗi ga masu kula da kwamfutoci a ma'aikatu da makarantu. Ya ce kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 samfurin 24H2 daga filash ko faifan da ke ɗauke da gyare-gyaren tsaro na watan Oktoba ko na Nuwambar wannan shekara tana iya kasa karɓar kowane sabon gyaran tsaro daga baya. Mafitar da kamfanin ya bayar ba mai daɗin ji ba ce: a sake ɗora Windows ɗin daga tushe, da filash mai ɗauke da gyaran Disambar 2024 ko na bayansa. Kwamfutocin da suka karɓi gyare-gyaren kai tsaye ta intanet kuwa, matsalar ba ta shafe su ba.

Abin lura shi ne, daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da masu ƙwazo, waɗanda suka ɗauki wahalar sabunta filash ɗinsu don kada su miƙa wa jama'a kwamfuta mai tsohuwar manhaja.

Windows ita ce babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, kuma tun daga ranar da aka fitar da kowane samfurinta ake ci gaba da gano kurakurai da ɓaraka a jikinta. Tun watan Oktoban 2003 Microsoft ya mayar da Talata ta biyu ta kowane wata ranar fitar da facin waɗannan ɓarakoki. Ke nan filash ɗin da aka haɗa shekara guda da ta wuce yana ɗora Windows mai ɗauke da raunin da aka riga aka toshe watanni da dama baya. Da zarar an gama girkawa, sai kwamfutar ta hau intanet ta shiga sauke abin da ya wuce ta, tana yi tana kashe kanta tana tashi. Dabarar da ake magana a kai ita ce a zuba waɗannan gyare-gyare cikin ainihin fayilolin girkawa tun kafin a kusanci kowace kwamfuta, ta yadda Windows za ta sauka a sabunce.

Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, aikin bai cancanci wahalarsa ba. Ya fi masa sauƙi ya sauke sabon kwafi daga shafin Microsoft. Lissafin yana canzawa ne ga wanda ke riƙe da ɗaruruwan kwamfutoci, kamar cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB, da ɗakunan kwamfuta na jami'o'i, ko mai shagon gyara a Farm Centre ta Kano, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, wanda ke yi wa kwamfutoci fomat daga safe zuwa yamma. Gyaran wata-wata na Windows 11 na yanzu yakan haura gigabayit ɗaya. Idan kowace na'ura za ta sauke nata daban, kuɗin data kaɗai ya isa abin dubawa, balle tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari na farashi a watan Janairun 2025. Ga kuma man janareta da ake ƙonawa ana jiran saukewa.

Sai batun tsaro. A watan Agustan 2003, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta riƙa kama na'urori masu Windows XP da Windows 2000 cikin 'yan mintuna da hawansu intanet, tun kafin su samu damar sauke facin da ya riga ya fito a watan Yuli. Masu gyara suka gane cewa tsakanin gama girkawa da gama sabuntawa akwai wani ɗan lokaci da gida ke buɗe babu ƙyaure. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci da dama a Birtaniya, shi ma ya bi ta ɓarakar da aka fitar da facinta tun watan Maris.

A zamanin XP, aikin umarni ɗaya ne: a haɗa babban kunshin gyara da fayilolin faifai, a ƙona sabon CD. Yau abin ya fi haka sarƙaƙiya. A cikin filash ɗin girkawa akwai folda mai suna sources, kuma a cikinta akwai fayiloli biyu da komai ya rataya a kansu. Na farko shi ne boot.wim, ƙaramar Windows da ke tashi don gudanar da girkawar. Na biyu shi ne install.wim, wanda ke ɗauke da cikakkiyar Windows da za a zuba a kwamfuta, sau da yawa nau'i-nau'i a ƙunshe wuri ɗaya, kamar Home da Pro da Education, kowanne da lambarsa. Kayan aikin da ake taɓa su da shi, DISM, yana cikin Windows tun samfuri na 7. Da shi ake warware nau'in da ake so a cikin folda wadda babu komai a ciki, a zuba gyare-gyaren da aka sauko da su daga rumbun Microsoft Update Catalog, sannan a naɗe fayil ɗin a adana canjin.

A nan mutane da yawa ke fara tuntuɓe. Wanda ya sabunta lambar Home, alhali Pro yake ɗorawa, ya yi aikin banza, domin kowace lamba sai an bi ta daban. Wanda ya haɗa filash ɗinsa da manhajar Media Creation Tool kuwa, zai tarar da install.esd a maimakon install.wim, fayil matsattse da DISM ba ya buɗewa don gyara sai an fara juya shi zuwa wim.

Mafi yawan kurakurai, duk da haka, daga jeri suke fitowa. Windows tana da wani sashe wanda aikinsa shi ne karɓar gyara ya dasa shi, kuma shi kansa wannan sashe yana tsufa. Idan aka kawo masa sabon gyaran da ya fi ƙarfinsa, sai ya ƙi, ya nuna lambar kuskure 0x800f0823. Don haka ƙa'idar da Microsoft ya shimfiɗa ita ce a fara sabunta wannan sashe, a biyo da kunshin harsuna da ƙarin kayan da ake buƙata, sannan a rufe da babban gyaran wata. Idan aka saka harshe bayan babban gyaran, fayilolin harshen za su zauna a tsohon matsayi har sai an maimaita gyaran. Masu tuna Windows 7 sun san wannan darasi: babban kunshin KB3125574 na watan Mayun 2016 ba ya shiga sai an riga an dasa gyaran wancan sashe na watan Afrilun 2015. Daga 2021 Microsoft ya fara haɗa biyun a kunshi ɗaya ga sababbin samfuran Windows 10, abin da ya rage ciwon kai. Amma a 24H2 ya ɓullo da wani sabon tsari, inda wasu gyare-gyare ke zama ginshiƙin na bayansu. Na farkonsu shi ne KB5043080 na watan Satumbar 2024. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ajiye ginshiƙin da sabon gyaran a folda ɗaya, su kaɗai, a nuna wa DISM sabon, shi zai nemo na farkon da kansa.

Wani lokacin laifin ba na jeri ba ne. Lambar 0x800f081e tana nufin kunshin bai dace da wannan Windows ba, galibi don an sauko da na wani samfuri ko na wani nau'in injin. Haka kuma DISM na tsohuwar Windows yakan gaza a kan sabuwa. Duk abin da ya faru yana rubuce a fayil ɗin dism.log, kuma karanta layukansa na ƙarshe ya fi sake gwaji ido rufe.

Ɗauke wuta a tsakiyar aiki, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, yakan bar foldar a maƙale, ba ta buɗu ba, ba ta rufu ba. Haka ma idan an bar tagar foldar a buɗe, ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana leƙa ciki lokacin naɗewa. Umarnin /Cleanup-Mountpoints yana share ragowar, amma fayil ɗin da aka katse ana cikin adana shi ba abin yarda ba ne. Shi ya sa ba a aiki a kan kwafi ɗaya tilo.

Bayan an ci nasara, sai girma ya zama matsala. Gyare-gyare suna kumbura install.wim har ya wuce gigabayit 4, kuma tsarin FAT32, wanda yawancin kwamfutocin zamani ke buƙata kafin su tashi daga filash, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka. Ana iya tsaga shi gida biyu ko uku da umarnin /Split-Image, manhajar girkawa za ta haɗa su da kanta, ko a bar wa manhajar Rufus ta shirya filash ɗin a tsarin NTFS. Akwai masu rage kumburin da /ResetBase, sai dai wanda ya yi haka ya sani cewa ba zai iya cire waɗannan gyare-gyare daga baya ba, ko da ɗayansu ya zo da matsala.

Ƙaramin fayil ɗin nan, boot.wim, shi aka fi mantawa da shi. Idan aka tashi kwamfuta daga filash, aka isa wurin zaɓen ma'ajiyar da za a zuba Windows, sai aka ga babu komai, sau da yawa ma'ajiyar lafiyarta lau. Ƙaramar manhajar da masu gyara ke kira direba ce babu. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin tafi-da-gidanka masu injin Intel ƙarni na 11 zuwa sama, kamar yadda Windows 7 ta riƙa rasa linzami da allon rubutu a na'urori masu kafar USB 3.0 zalla. Direban sai ya shiga fayiloli biyun: a boot.wim don a ga ma'ajiyar, a install.wim don Windows ta iya tashi bayan an gama. Wanda kuma ya sabunta boot.wim dole ya kwafo sabon setup.exe da ke cikinsa ya maye gurbin na foldar sources, domin idan biyun suka saɓa girkawar tana tsayawa.

Akwai kuma dalilin da zai sa tsohon filash ya daina tashi ɗungurungum. Bayan ɓullar muguwar manhajar BlackLotus, Microsoft ya fara, daga watan Mayun 2023, wani shiri na soke amincewa da tsofaffin fayilolin tayar da kwamfuta. Na'urar da aka kammala wa wannan kariya ba za ta karɓi filash ɗin da ba a sabunta ba. Takardun shaidar tsarin Secure Boot da aka fitar a 2011 su ma wa'adinsu ya kama daga watan Yunin 2026.

Ganin duk wannan wahala, wasu kan gwammace kwafin Windows da wani ya riga ya haɗa, irin wanda ke yawo a Telegram ko daga filash zuwa filash a kasuwa. Wannan ganganci ne, domin hanyar da ake cusa gyara ita ce dai hanyar da ake cusa ɓarna. A watan Yunin 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya sanar da cewa ya gano wasu kwafin Windows 10 na sata ɗauke da manhajar da ke sauya adireshin asusun kuɗin kirifto idan mutum ya kwafe shi. Microsoft yana wallafa lambar tantancewa ta SHA-256 a shafin sauke Windows 11, kuma umarnin Get-FileHash yana nuna ko abin da aka sauke ya yi daidai da ita.

Tun da tallafin Windows 10 na kyauta ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, hukumomi da makarantu da yawa na cikin aikin ƙaura zuwa Windows 11, kuma filash ɗaya ne zai bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Matsalar Disambar 2024 ba ta bayyana a ranar girkawa; kwamfutar tana tashi lafiya, sai lokacin karɓar gyara na gaba ya zo take ƙi. Don haka gwajin sabon filash a kan na'ura ɗaya bai cika ba har sai an ga ta sauke gyaran da ya biyo baya ta dasa shi. Yana da kyau kuma a rubuta watan da aka haɗa filash ɗin a jikinsa, a ajiye lissafin kwamfutocin da aka ɗora wa daga gare shi.