Yadda 'Yan Asalin Ƙasar Birazil Suka Kai Gwamnati Ƙara A Cikin Annoba

A ƙasar Birazil, can Amurka ta Kudu, akwai waɗansu mutane waɗanda kakanninsu ke zaune wurin tun Turawan Fotugal ba su sauka ba a shekarar 1500. Ƙidayar 2010 ta sami kabilunsu 305, masu harsuna 274. Da yawa cikinsu suna cikin kurmin Amazon, inda daga ƙauye zuwa asibiti tafiyar kwanaki ce cikin jirgin ruwa. Tarihinsu kuwa cike yake da annoba, gama ƙyanda da agana da mura da baƙi suka kawo sun kashe su fiye da yadda bindiga ta yi. Saboda haka da cutar korona ta shiga Birazil a farkon 2020, dattawansu sun riga sun san irin abin da ke tafe.

Ba a daɗe ba, a watan Afrilu, wani yaro ɗan shekara 15 na kabilar Yanomami ya rasu a asibitin Boa Vista. A watan Yuni Paulinho Paiakan, shugaban Kayapo, ya bi shi, a Agusta kuma Aritana, sarkin Yawalapiti. Mutuwar tsoho a kabilar da ba ta da littafi babbar hasara ce, domin harshe da tarihi da sanin magani duk a kansa suke.

To, ga abin da muke so malaman ofis su lura da shi. Rigimar fari a kan lissafi aka yi ta. Ma'aikatar gwamnati mai kula da lafiyar 'yan asali ba ta ƙirga sai wanda ke zaune a ƙauyensu, wanda ya koma birni kamar Manaus ya mutu can, ba a sa shi cikin littafinta. Ganin haka sai ƙungiyarsu ta ƙasa duka, wadda a ke kira APIB, ta buɗe nata littafin, tana karɓar labari daga gunduma gunduma, tana rubuta mamaci da kabilarsa, kullum adadinta ya ɗara na gwamnati. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ko na haihuwa da mutuwa ya san wanda ba a rubuta ba, ba a yi masa tanadi.

Wannan aiki yana cin kuɗi, su kuwa ba su da baitulmali. A watan Yuni suka fito da shiri mai suna Emergência Indígena, wato taimakon gaggawa, suka roƙi gudummawa ta intanet a gida da waje. Ƙungiyoyi irin su Survival International ta Ingila da Rainforest Foundation ta Nowe, da Instituto Socioambiental ta cikin Birazil, sun daɗe suna tallafa wa kabilun nan, wasu da kuɗi, wasu da yayata kukansu. Abin da aka tara ya tafi wajen abinci da sabulu da ƙyallen rufe hanci, domin mutane su zauna gida kada su fita kasuwar birni su kwaso cuta. Wani kashi ya tafi wajen neman hakki.

Nan ne muka ga sun yi dabara. Tsarin mulkin Birazil na 1988 ya yarda ƙasarsu tasu ce, ya kuma ba su ikon kai ƙara da kansu. Sai APIB ta haɗa kai da jam'iyyun hamayya 6, ta tafi Kotun Ƙoli, babban lauyanta Eloy Terena shi kansa ɗan kabilar Terena ne. Ran 8 ga Yuli 2020 Alƙali Barroso ya umarci gwamnati ta kafa shingaye a hanyoyin shiga wurin kabilun da ba su cuɗanya da kowa, ta zauna da wakilan 'yan asali a tsara yaƙi da cutar, ta kuma kai aikin lafiya har ƙauyukan da ba a gama yanka musu iyaka ba. A Agusta sauran alƙalai suka tabbatar. A cikin makon da Barroso ya yi hukunci, Shugaba Bolsonaro ya soke waɗansu sassa na dokar taimakonsu, har da na ba su ruwan sha mai tsabta da gadajen asibiti, amma Majalisa ta mayar da mafi yawansu.

Yanomami su kuma tasu ta fi tsanani. An yanka musu ƙasa a 1992, faɗinta wajen murabba'in kilomita 96,000, wato ta fi Jihar Neja girma, amma an kimanta masu haƙar zinariya 20,000 sun kutsa ciki ba bisa doka ba, suna zuba zaiba a kogi, suna yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ga korona kuma. Ƙungiyarsu Hutukara, wadda Davi Kopenawa ke shugabanta, ta shiga gaba wajen neman a fitar da su, aka tara sa hannun mutum fiye da 400,000, aka miƙa wa Majalisa a Disamba 2020. Ba a fitar da su ba. Sai a Janairu 2023, bayan an canja gwamnati, aka yi shelar dokar gaggawa ta lafiya a ƙasar Yanomami, aka kuma bayyana yara 570 sun mutu cikin shekara 4 da yunwa da cututtukan da ke da magani. Umurnin kotu takarda ne, sai an sami mai aikata shi.

Kuɗin waje kuma yana da nasa nauyin. Gwamnatin Bolsonaro ta riƙa zargin ƙungiyoyi masu zaman kansu da yi wa baƙi aiki, har a Afrilu 2021 'yan sanda suka kira Sonia Guajajara, shugabar APIB, wai ta ɓata sunan gwamnati cikin fina-finan neman gudummawa da suka yi. Alƙali ya tsai da binciken. Ita ce a 2023 ta zama Ministar 'Yan Asalin Ƙasa ta fari a Birazil.

A ganinmu babban aibin yana wajen rabo. A taron Gilasgo na Nuwamba 2021, waɗansu gwamnatoci da masu ba da kyauta suka yi alkawarin dala miliyan 1,700 domin kare ƙasar 'yan asali a duniya. Da suka ba da rahoton shekarar fari, sai aka ga kashi 7 cikin 100 kaɗai ya shiga hannun ƙungiyoyin 'yan asalin kai tsaye, saura duk ya bi ta hannun 'yan tsakiya, alhali kuwa waɗanda suka buɗe littafin mamata suka kai ƙara Kotun Ƙoli su ne 'yan asalin da kansu.