Amsoshin Wasiƙunku: An Yi Mini Aikin Ƙugu, Ƙafa Ɗaya Ta Fi Ɗaya Tsawo

Ga amsar da aka bayar a filin lafiya na rediyo, mun buga ta a nan saboda waɗanda shirin ya wuce su suna gona ko suna kasuwa.

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga Tiga ta Ƙaramar Hukumar Bebeji, ya rubuto cewa wata biyu ke nan da aka yi masa aikin sauya ƙugu. Ciwon da ya hana shi barci ya tafi, amma yana jin ƙafar da aka yi wa aikin ta fi ɗayar tsawo, yana ɗingishi, bayansa yana ciwo. Wasu sun ba shi shawara ya je wurin maɗori a ja masa gajeruwar ƙafar. Yana tambaya: kuskure aka yi ne? Me zai yi, ga damina tana tafe?

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, kada ka yarda kowa ya ja maka ƙafa, ko wadda aka yi wa aiki ko ɗayar. Ƙashin babban mutum ba ya ƙara tsawo don an ja shi. Abin da ja zai iya jawowa shi ne sabuwar gaɓar ta goce daga gurbinta, ko ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya tsage. Ɗori yana da muhallinsa, amma ba nan ba.

Yanzu bari mu yi maka bayanin abin da aka yi maka. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya take a cikin turmi: kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙashin kwatangwalo. In kan nan ya cinye ko ya karye, sai likita ya yanke shi ya dasa na ƙarfe, sau da yawa har da sabon gurbi. Wani likita ɗan Ingila, Sir John Charnley, shi ya kyautata irin aikin da ake yi a yau, tun 1962. A nan Kano ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Masu zuwa aikin a wajenmu ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai waɗanda suka yi haɗarin mota ko babur, akwai kuma matasa masu ciwon sikila, domin sikila takan toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya ruɓza.

To me ya sa ƙafar take fin ɗayar? Ka sani bambancin iri biyu ne.

Na farko, na ji ne kawai, ƙasusuwan daidai suke. Ka ga, kafin aiki ƙafar mai ciwo ta riga ta gajarce a hankali saboda ƙashin ya cinye. Shekara da shekaru kana tafiya a karkace, kwatangwalo ya saba da karkata, tsokoki sun ɗaure. Rana ɗaya aka mayar da ƙafar tsawonta na asali, sai jiki ya ji kamar an yi masa ƙari. Wannan shi ne ya fi yawa a watannin farko, kuma yakan ragu ko ya tafi gaba ɗaya cikin wata 3 zuwa 6, in tsokoki suka saki. Kai da kake wata biyu, kana cikin wannan lokaci ke nan.

Na biyu, na gaske ne, wato ƙafar ta ƙaru ɗin. Wannan ma ba lalle ba ne a ce kuskure. Babban abin da likita yake gudu shi ne gaɓar ta riƙa gocewa, saboda haka wani lokaci yakan ɗan ƙara tsawo don tsokoki su ɗame su riƙe ta. Ga masu sikila kuma, sau da yawa ciwon yakan kama ƙugu biyu, sai ka ga wadda ba a taɓa ba ce ta gajarce. In bambancin bai kai santimita 1 ba, wato ƙasa da rabin inci, yawancin mutane ba sa damuwa da shi. Mutane da yawa ma da ba a taɓa yi musu aiki ba ƙafafunsu ba daidai suke cif ba, ba su kuma sani ba.

Ido ba zai raba maka waɗannan biyun ba, awo ne zai raba. In ka koma asibiti ranar da aka ba ka, ka faɗa wa likita ƙarara, kada ka ji nauyi. Zai auna da tef daga ƙashin gaban kwatangwalo zuwa idon sawu, ko ya tsayar da kai ya riƙa sa 'yan katakai ƙarƙashin gajeruwar ƙafar har kwatangwalo ya daidaita, ya kuma duba hoton ƙashi. Ka sa a rubuta maka adadin a takarda.

In an tabbatar na gaske ne kuma yana damunka, maganinsa mai sauƙi ne: ƙarin takalmi a gajeruwar ƙafar. Wajen santimita 1 ana iya cusa shi cikin takalmi sau-ciki, ƙarƙashin dunduniya. In ya wuce haka, sai a ƙara wa ƙasan takalmin daga waje, tun daga dunduniya har gaba, don kada ka riƙa tafiya kamar mai ɗage. A Dala akwai sashen da ke yin irin wannan. In an riga an ba ka awo, mai gyaran takalma na kasuwar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada zai iya yi maka da roba mai ƙarfi, ba soso mai lotsewa ba. Sai dai kada ka yi gaggawar sa ƙari tun yanzu ba da izinin likita ba. In bambancin na ji ne, ƙarin zai hana kwatangwalo komawa daidai, ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan. Kuma in an fara, a yi wa duk takalman da kake sawa, har da silifas na cikin gida da na zuwa gona, domin yau da ƙari gobe babu shi ne ke tayar da ciwon baya. Sake yin tiyata saboda tsawo kawai, sai in bambancin ya yi yawa ƙwarai kuma sauran dabaru sun gaza.

Kafin nan, ga abin da ke hannunka. Ka riƙe motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya maka, kullum, ko da ba ka jin ciwo. Yawancin ɗingishin nan daga raunin tsokar gefen ƙugu yake. Ka riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, wato in dama aka yi wa aiki, sanda a hagu. Ka yi tafiya kaɗan-kaɗan a wuri mai laushi ba gargada, kana ƙarawa.

A makonni 6 zuwa 12 na farko likitoci sukan hana tsugunno, da harɗe ƙafa, da zama a ƙasa. Saboda haka tabarma da 'yar kujerar tsugunno sai a dakata, a nemi kujerar da in ka zauna gwiwa ba za ta ɗara ƙugu ba. Masai kuma, a sa kafinta ya yi maka kujera mai huda a tsakiya a ɗora a kai. Salla a zaune kan kujera, malamai sun yi bayanin rangwamen da marar lafiya yake da shi. Ranar da za ka koma sujada a ƙasa, likitanka ne zai faɗa, don ba kowane aiki ne iri ɗaya ba.

Maganar damina, gaskiya ɗaya ce: bana ba taka ba ce da fartanya. Sunkuyon noma, da shiga taɓon fadamar shinkafa irin ta Tudun Wada, da ɗaga buhun masara, da tsalle daga bayan motar kaya ran kasuwa, duk suna iya gotar da gaɓar. Ka sa yara ko 'yan ƙwadago, kai ka tsaya a kan kunya kana nuni. Ciniki kuwa a zaune ake yinsa. In tafiya ta kama, kujerar gaban mota ta fi bayan babur. Asarar damina ɗaya ta fi sauƙi a kan komawa ɗakin tiyata, ga kuɗi ga wahala.

Amma akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti. In ka ji ciwo mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ko ta juya ka kasa taka ta, gocewa ce. In tafin ƙafa ya mutu, ko ka kasa ɗaga yatsu sama, jijiya ce ta matsu. In zazzaɓi ya zo tare da kumburi ko mugunya a wurin ɗinki, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a ɗauke ka a kwance zuwa asibiti a ranar. Mutanen Doguwa da Riruwai da ke nesa da Kano, ku karɓi lambar wayar sashen da aka yi muku aiki tun kafin a sallame ku.

Sannu ba ta hana zuwa, malam. Ka ba jikinka wata shida, a auna, sa'an nan a san abin yi. Masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.