Sanyin Afrilu a Lambunan Turai da Shakku kan Ɗumamar Duniya

A ƙasashen arewacin Turai shekara ta kasu gida huɗu, kuma watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne lokacin toho, wato lokacin da sanyin hunturu ke ja da baya, yini ke ƙara tsawo, itatuwan da suka kakkaɓe ganyensu ke sake fitar da sabo. Masu lambu ne suka fi kowa ɗokin wannan lokaci, kuma a Birtaniya aikin lambu bai tsaya ga manoma ba, domin akasarin gidaje suna da ɗan fili a baya inda ake shuka furanni, tumatir, wake, latas da dankalin turawa, wanda ba shi da fili kuwa yakan karɓi hayar ɗan fegi daga ƙaramar hukuma. Saboda haka duk shekarar da lokacin toho ya zo da sanyi da ruwa fiye da yadda aka saba, miliyoyin mutane ne ke ganin ɓarnar da idanunsu, kuma ba a daɗewa sai a ji ana tambayar ina ɗumamar duniyar da masana ke ta faɗa.

Shekarar 2021 ta ba masu wannan tambaya hujja mai kama da gaskiya. A ranar 30 ga Maris zafi ya kai digiri 24.5 a ma'aunin Salshiyas a lambun Kew da ke Landan, abin da ba a gani ba a watan Maris tun 1968, har mutane suka fitar da dashensu waje suna ganin sanyi ya tafi. Da Afrilu ya kama sai iska ta juyo daga arewa, sararin sama ya washe, dare ya riƙa yin sanyin da ke daskarar da raɓa a kan ganye, kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta ce an shekara 60 ba a ga Afrilun da ya kai shi yawan irin waɗannan darare ba. Mayu kuma ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, musamman a yankin Wales, inda ba a taɓa rubuta Mayun da ya fi shi ruwa ba.

Illar irin wannan yanayi ga lambu iri biyu ce. Sanyin da ya sauka ƙasa da sifili yana daskarar da ruwan da ke cikin ɗanyen ganye, ƙanƙarar ta farfasa ƙwayoyin halittarsa, da rana ta fito sai ganyen ya yi baƙi ya yanƙwane, kuma tumatir, kabewa da ganyen dankali ba sa jure ko dare ɗaya na wannan. Ruwa mai yawa a ƙasa mai sanyi kuwa ɓarnarsa a ɓoye take, domin irin wake da na masara ba sa tsira sosai sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 10, idan kuma suka daɗe kwance cikin laka sai su ruɓe, saiwar da ta riga ta fito ta rasa iska, sannan dodon koɗi, wanda laima ce abincin ruhinsa, ya cinye abin da ya rage cikin dare.

Wanda ya yi asarar dashensa sau biyu a wata guda, sannan aka ce masa duniya ɗumama take yi, ba wauta ba ce idan ya yi shakka, domin abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji nauyi. Amma akwai waɗanda suka mayar da wannan shakka jarin siyasa, kamar Sanata James Inhofe na Amurka, wanda a watan Fabrairun 2015 ya shiga zauren majalisar dattawa da curin dusar ƙanƙara a hannu don ya nuna wai babu wata ɗumama, alhali shekarar da ta gabace ta, 2014, ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa wancan lokaci. Kuskuren da ke cikin hujjar shi ne haɗa abubuwa biyu da masana suka raba: halin da sama ke ciki yau ko wannan wata a wuri guda, da kuma matsakaicin yanayi, wanda ake samu ta hanyar tara awon shekaru masu yawa a raba, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsayar da shekara 30 a matsayin ma'auninsa. Faɗin Birtaniya gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 2,000 na doron duniya ba, don haka sanyin wata guda a can ba ya ko motsa lissafin duniya, kuma 2021 ɗin da ta daskarar da lambunan Turai ta shiga jerin shekaru bakwai mafi zafi da aka auna zuwa lokacin. Iskar kabon dayoksaid, wadda ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kuma sanyin Afrilu bai rage ko ɗaya daga ciki ba.

Mafarin irin wannan sanyi yawanci wata iska ce mai tsananin gudu da ke kewaya arewacin duniya daga yamma zuwa gabas, wajen kilomita 10 a sama, wadda ke tsaye a matsayin iyaka tsakanin iskar ƙuryar arewa mai sanyi da ta kudu mai ɗumi. Idan ta miƙe, Birtaniya takan sami iska mai sauƙin sanyi daga tekun Atlantika, idan kuwa ta lanƙwashe ta yi kudu ta tsaya makonni, sai iskar ƙuryar arewa ta kwararo, a daidai lokacin da wani yanki da ke ɗaya gefen lanƙwasar ke fama da ɗumin da bai saba ba. Wasu masana, irin su Jennifer Francis ta Amurka, suna ganin saurin ɗumamar ƙuryar arewa, wadda ta ninka ta sauran duniya kusan sau huɗu tun 1979, na ƙara wa iskar lanƙwasa, wasu kuma ba su gamsu da hujjar ba, kuma muhawarar ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi ban mamaki, kuma ya fi kusa da mai lambu, shi ne ɗumamar kanta na iya ƙara wa sanyin Afrilu ɓarna. A daidai makon da lambunan Ingila ke daskarewa, tsakanin 6 da 8 ga Afrilun 2021, sanyin ya faɗa wa gonakin inabi da na 'ya'yan itatuwa a Faransa, manoma suka kwana suna kunna dubban kyandira da tukwanen wuta tsakanin kunyoyi don su ɗan ɗumama iska, amma asarar ta kai har gwamnati ta ware yuro biliyan 1 don tallafi. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution, wadda ke binciken hannun sauyin yanayi a cikin irin waɗannan bala'o'i, ta gano cewa sanyin bai kai wanda da za a yi ba in da duniya ba ta ɗumama ba, sai dai ɗumin ƙarshen hunturu ya sa inabi ya yi toho da wuri, ta yadda sanyin ya tarar da ɗanyen ganye a waje, kuma ta ƙiyasta cewa ɗumama ta ƙara yiwuwar irin wannan ɓarna da wajen kashi 60 cikin 100. Manomin ƙasar Hausa da ya taɓa shuka da ruwan farko, gero ya tsira, sannan ruwa ya ɗauke mako uku, ya san cewa abin da ya yaudari shuka ta fito da wuri shi ne rabin musibar.

Yawan ruwa ma bai saɓa wa ɗumama ba, domin duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da wajen kashi 7 cikin 100, abin da aka ɗauka kuwa sai ya sauko. A 2024 mutanen Birtaniya da yawa sun yi ta kukan cewa lokacin toho ya zo da hadari, ruwa da sanyi, sai ga shi alƙaluma sun nuna shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa zuwa waccan shekara, saboda gajimare sun hana rana fitowa da yini amma sun riƙe ɗumi da dare, lokacin da masu kukan ke barci.

Lambu da kansa ya zama shaida idan aka bar shi ya yi magana da harshen shekaru masu yawa. A 1736 wani mai gona a Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da kowace itaciya ta fitar da ganye da ranar da tsuntsaye masu ƙaura suka dawo, zuriyarsa suka ci gaba da aikin har 1958, kuma binciken da masanan Jami'ar Kambirij suka wallafa a 2022 bisa irin waɗannan bayanai ya nuna tsirran Birtaniya suna fure kusan wata guda kafin lokacinsu na da. A birnin Kyoto na Japan, inda tarihin furen itacen ceri ya haura shekara 1,200, furen ya cika a ranar 26 ga Maris ɗin 2021, kuma zuwa lokacin ba a taɓa rubuta cikar fure da wuri irin wannan ba, ko da yake zafin da gine-ginen birni ke riƙewa yana da nasa kason. A Amurka kuma, taswirar da ma'aikatar noma ke fitarwa don nuna wa masu lambu irin tsirran da za su jure sanyin yankinsu, da aka sabunta ta a 2023, wajen rabin ƙasar ya matsa zuwa rukuni mai ɗan ɗumi.

Tsofaffin masu lambu a Jamus da Faransa sun daɗe da dokar kada a fitar da dashe mai rauni sai an wuce ranakun 11 zuwa 13 ga Mayu, waɗanda suke dangantawa da wasu waliyyan Kirista da ake cewa suna zuwa da sanyin ƙarshe. Ɗumin Maris yana sa mutane karya wannan doka, shi ya sa shawarar da ƙwararru ke bayarwa ita ce a raini iri a ɗakin gilashi ko a bakin taga, a riƙa fitar da shi da rana ana mayarwa da dare na mako ɗaya zuwa biyu har ya saba da waje, a ɗaga kunya don ruwa ya tsiyaye, a auna ɗumin ƙasa kafin a binne wake, kuma a ajiye siririn mayafin rufe shuka kusa da ƙofa har ƙarshen Mayu.