Stephen Hopkins, gwamnan da ya nemi ƴanci alhali yana riƙe da bayi

A ƙarni na 18, lokacin da gabashin Amurka ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, akwai wani ɗan ƙaramin yanki mai suna Rhode Island wanda ya fita daban. Takardar izinin da sarkin Ingila ya ba shi a shekara ta 1663 ta bar wa mazaunansa zaɓen gwamnansu da kansu, shekara-shekara. A nan ne aka haifi Stephen Hopkins a shekara ta 1707.

Hopkins bai yi zurfin makaranta ba. Da karatun gida ya tashi, ya yi noma da awon filaye, daga baya ya shiga kasuwanci a birnin Providence. Ya shiga ɗariƙar Kweka, wani reshe na Kiristoci masu ƙin yaƙi da rantsuwa, masu cewa ƴan Adam duka ɗaya suke a gaban Ubangiji.

Sau huɗu ya hau kujerar gwamna tsakanin 1755 da 1768. Babban abokin hamayyarsa shi ne Samuel Ward, wanda attajiran Newport ke mara wa baya, shi kuwa Hopkins mutanen Providence ne ke bayansa. Shekaru suka yi suna karɓe kujerar daga hannun juna, har a 1768 dukansu biyu suka janye, aka zaɓi Josias Lyndon don a kwantar da fitina.

Sunansa ya fito fili a 1764, lokacin da majalisar Landan ta tsaurara harajin sukari. Ya rubuta ɗan littafi a kan haƙƙin ƙasashen mallaka, yana mai cewa bai halatta a ɗora wa mutane haraji ba tare da yardar wakilansu ba. A 1772, bayan wasu mazauna yankin sun ƙone Gaspee, jirgin ruwan Ingila mai farautar ƴan fasa-ƙwauri, Hopkins yana matsayin alƙalin alƙalai, ya ƙi yarda a kai waɗanda ake zargi Ingila don shari'a.

Sai dai wannan mai kukan zalunci yana da bayi a gidansa. Arzikin yankin ma a kan fataucin bayi ya tsaya: jiragen Newport na kai barasa gaɓar Afirka ta Yamma su komo da mutane. Ƙanensa Esek Hopkins ne ya ja jirgin Sally a 1764, tafiyar da fiye da mutum 100 daga cikin ƴan Afirka 196 da aka ɗauko suka mutu a cikinta. Da ƴan Kweka suka yanke shawarar hana mabiyansu mallakar bayi, Hopkins ya ƙi ƴanta wata baiwa, sai suka fid da shi daga ɗariƙar a 1773. Shekara guda bayan haka, shi ne ya tsaya a kan dokar hana shigo da bayi Rhode Island, ɗaya daga cikin irinta na farko a Amurka. Dokar kuwa ba ta ƴanta waɗanda ke cikin bauta ba.

A 1776, yana da shekara 69, ya sa hannu a kan takardar shelar ƴancin kan Amurka. Ciwon makyarkyata ya sa rubutunsa ya fito a karkace; ana ba da labarin ya ce hannunsa ne ke rawa, zuciyarsa kuwa tana nan daram. Ya rasu a Providence a 1785.

Tarihi ya riƙe masa abubuwa biyu. Ya ja da sarkin Ingila a lokacin da hakan ke iya cin ran mutum, amma ya kasa rabuwa da abin da yake gani dukiyarsa ce. Ƴan ɗariƙarsu, waɗanda ba su dubi girman muƙaminsa ba, sun riga shi gane cewa mai neman ƴanci daga Landan sai ya fara da cikin gidansa.